Ustan da ya kwance mana manfalar babur ɗin Kaka a Gadarif

Assalamu alaikum jama'a. Tun kafin damina ta faɗi nake son rubuta wannan abun amma hidimar gona ba ta barin mutum ya zauna, sai yanzu da aka gama yankan riɗi na ɗan samu sarari. Magana ce a kan wata warsha, wato garejin gyara, da ke unguwar masana'antu ta Gadarif a gabashin Sudan wadda mu nan muke ce wa mantiƙa sina'iyya, da kuma dattijon usta, wato gwanin makanike, mai ita, wanda ya kwance mana hannun tayar da tsohuwar taraktar kakanmu bayan kusan kowa yace mu haƙura mu sayar wa masu kurda, 'yan gwangwan kenan. Ba zan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, amma duk wanda ya shiga layin masu gyaran babur ya tambayi tsohon nan Bahaushe da ya taso daga Madani za a nuna masa.

Don 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar kada kan ku ya ɗaure, a nan Sudan in ka ji an ce babur to tarakta ake nufi, ba mashin mai ƙafa biyu ba. Shi kuma hannun ƙarfen nan da ke gaban inji wanda ake juyawa ya tashi ba tare da batir ko sitata ba, manfala muke ce masa.

Babur ɗin namu Fordson Major ne, samfurin da ake kira E27N, wanda kamfanin Ford ya ƙera a Dagenham ta ƙasar Ingila daga 1945 zuwa 1952. Silinda huɗu gare shi, giya uku gaba ɗaya baya, asalin fentinsa shuɗi ne ƙafafun kuma ruwan lemo, duk da yanzu sai ka kankare tsatsa kafin ka ga alamar shuɗin. Da fetur yake tashi, in ya yi zafi sai a juya shi zuwa kananzir, shi yasa tankinsa kashi biyu ne, ƙarami da babba. Wutarsa daga magnito take, babu ruwansa da batir. Noman inji a ƙasar Gadarif ya fara tun zamanin Turawan Ingila wajen 1944 zuwa 1945 a yankin Gadambaliya, to Kaka Allah ya jiƙansa yana cikin mutanenmu da suka yi ƙwadago a irin waɗannan manyan gonaki, shekara da shekaru yana tara kuɗi har ya sayi wannan babur ɗin na hannu a wajen wani mai mashru'u, wato babbar gonar noman inji, da ya koma amfani da sabo. Da shi aka ciyar da gidanmu, da shi Baba ya koyi tuƙi. Da jan Massey Ferguson mai shan jaz, wato dizal, ya cika gari sai aka tura shi ƙarƙashin rumfa a bayan gida, ya fi shekara 20 a nan, rumfar ma ta zube aka sake wata ta sake zubewa.

Abun da ya tayar da maganarsa, Baba ne. Tun da ya yi jinya bara kullum in mun zauna shan jabana, wato gahawa, da yamma sai ya kawo zancen babur ɗin nan, yana cewa yana so ya sake jin ƙararsa ko sau ɗaya. Ni kuma na yi nawa lissafin, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan gyara da batir sun yi tsadar da ba a magana, shi kuwa wannan yana da fule a gefensa wanda ake ɗaura wa bel, in ya tashi zai iya juya mana injin niƙa ko na sussuka a gida ba sai mun jira layin kowa ba.

Toh ni da ƙanena muka share masa ƙura muka kama manfala, wallahi kamar an yi mata walda. Ba ta juyawa, ba ta shiga ciki, ba ta fitowa. Muka ƙarar mata da gwangwanin WD-40 guda cikin kwana biyu, ko gezau. Sai muka kira wani makanike matashi na nan kusa da mu, ba zan faɗi ko wanene ba, ya zo da dogon bututun ƙarfe ya zura a hannun ya hau da ƙarfinsa duka, da ya ga ba ta motsa ba ya ɗauko babbar guduma ya yi ta dukan ƙarshenta. Kafin in ce masa ya isa hannun ya lanƙwashe, inda ya daka kuma ya baje kamar kan ƙusa. Ya share gumi yace injin ne ya daskare gaba ɗaya, fistan sun manne da silinda, babu mai tayar da shi, ya karɓi kuɗin ƙafarsa ya tafi. Ranar Baba bai ci tuwon dare ba, abun ya taɓa ni sosai.

Wani abokin Baba da suke haɗuwa a kasuwar amfanin gona shi ya ce mu nemi wannan usta. Asalinsa ɗan Mai Wurno ne, garin nan da ke bakin kogi kusa da Sinnar wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, amma a Wad Madani ya koyi aiki ya tsufa a cikinsa yana gyaran injinan gonakin Jazira. Da yaƙi ya shiga Madani a Disambar 2023 ya baro warsharsa da kusan duk kayan aikinsa ya taho Gadarif da iyalinsa, ya kama ɗan wuri ya fara daga farko da furfurarsa. Na faɗi wannan ne don duk wanda ya je ya ga wurin ƙarami kuma a cunkushe ya san dalili.

Na same shi da hantsi suna fatur, wato karin kumallo, da yaransa, kwanon ful, dafaffen waken nan namu, a tsakiya, bai bari na yi magana ba sai da na sa hannu. Da na gama ba shi labari tambaya ɗaya ya yi min, yace ɗana, wa ya gaya maka injin ne ya daskare? Nace makaniken da ya zo. Yace ya cire fulogi ya duba? Nace a'a. Ya ɗaga ƙafar baya ya juya? Nace a'a. Sai yace kada mu ja babur ɗin zuwa gari, jan inji da ya daɗe a tsaye yana iya karya abun da bai karye ba, shi zai zo da kansa. Ya kuwa zo ranar da ya ce, a bayan wani boksi, wato motar a-kori-kura, shi da yaronsa ɗaya da ƙaramar jakar kayan aiki.

Abun da ya fara burge ni shi ne ko kallon manfalar bai yi ba da farko. Ya gaisa da Baba sosai, suka taɓa hirar mutanen da, sannan ya zagaya babur ɗin sau biyu. Ya zare sandar awon baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina ko da ruwa a ciki. Ya tambaya ko bakin salansa a rufe yake duk tsawon shekarun nan, Baba yace shi da kansa ya kifa masa gwangwanin madara ya ɗaure da waya, usta yace Alhaji wannan gwangwanin shi ya ceci injin ka, don ruwan sama ta nan yake bi ya sauka kan fistan. Ya cire fulogi huɗun, ya haska toci a kowane rami, ya zuba haɗin jaz da baƙin mai kamar cikin ƙaramin kofin shayi a kowanne. Sai da aka sha shayi aka yi azahar sannan ya sa aka tokare ƙafafun gaba da duwatsu, aka ɗaga ƙafar baya guda ɗaya da jak, ya sa giya ta uku, yace ni da ƙanena mu riƙa jijjiga tayar gaba da baya a hankali, ba da ƙarfi ba. Shi kuma ya tsuguna a gaba ya zuba wa fanka ido. Mun fi minti 10 muna yi, can sai muka ji tayar ta ɗan saki, usta ya ɗaga hannu yace Alhaji zo ka gani, fanka ta motsa. Injin na juyawa. Ashe duk abun da ya maƙale bai wuce sandar manfalar ba a cikin raminta.

Ya yi mana bayani yadda ko yaro zai gane. Manfala sanda ce da ke ratsa wani rami a ƙarfen gaba ƙarƙashin lagireto, akwai sifirin a jikinta, wanda su ke ce wa yay, da ke turo ta waje. In za ka tayar sai ka tura ta ciki, ƙarshenta ya kama wasu haƙora da ke bakin sandar inji, haƙoran kuma a karkace aka yanke su don in inji ya kama su tunkuɗo manfalar waje da kansu. To ramin nan shekara 20 yana shan ƙurar baƙar ƙasar nan tamu da feshin damina, tsohon giris ya bushe ya haɗu da laka ya zama kamar siminti, tsatsa kuma kumbura take, ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, sai ta cika ɗan sararin da ke tsakanin sanda da rami ta matse. Yace shi yasa ƙarfi ba ya yi, in ka matsa ko dai hannu ya lanƙwashe kamar yadda aka yi mana, ko kuma ƙarfen gaban ya tsage, kuma ƙarfen zubi ne, zahar, waldarsa wahala ce kuma irin sa babu inda za ka samu a Sudan yanzu.

Aikin ranar farko bai wuce wannan ba: ya kankare bakin ramin gaba da baya da burushin waya da tsinken ƙarfe har sai da layin da ke tsakanin sanda da rami ya fito fili, sannan ya sa yaronsa ya kwaɓa laka, ya gina ɗan ƙoƙo a kewayen bakin ramin kamar gidan zanzaro mai buɗaɗɗen sama, ya cika shi da wani haɗi da ya zo da shi a gora. Na tambaye shi mene ne a ciki bai ɓoye min ba, jan man giyar otomatik ne rabi, rabi kuma asiton, yace in babu asiton jaz ma yana yi sai dai ya fi ɗaukar lokaci, kuma a girgiza gorar kafin a zuba don rabuwa suke. Game da WD-40 da muka ƙarar yace ba wai ba shi da amfani ba ne, amma fesawa a waje ya zube ƙasa ba ya kai wa inda ciwon yake, dole mai ya zauna a bakin rami dare da rana yana tsotsuwa. Wannan dabarar ƙoƙon laka ban taɓa ganin ta ba kuma ita ce na fi ɗauka a wurinsa. Ya bar min gorar da wani guntun tagulla da ƙaramar guduma, yace safe da yamma in cika ƙoƙon, in ɗora tagullar a jikin sandar in ƙwanƙwasa sau 20 ko 30, ƙwanƙwasar ƙofa ba ta fasa dutse ba, girgizar ce ke tsattsaga tsatsa mai ya samu hanya. Yace kada in yarda in gwada juyawa, mako guda zai dawo.

A nan ne zan faɗi abun da bai min daɗi ba, don in na ɓoye ban yi wa mai karatu adalci ba. Mako ya cika bai zo ba. Na kira wayarsa a kashe, na sake kira ta shiga ba a ɗauka ba, na je warsha aka ce ya fita wani mashru'u can wajen gari. Kwana 16 cur kafin ya dawo. Na san lokacin shirin damina ne, kowa na son babur ɗinsa da garmarsa ta diski su zama a shirye kafin shukar Yuli, kuma masu gonar faddan dubu, wato kamar eka dubu, sun fi mu kuɗi da gaggawa, ban ga laifinsa ba da ya je inda abincin iyalinsa yake. Amma saƙo ɗaya ya isa, ko ta bakin yaronsa. Baba kullum da safe sai ya sa a fitar masa da kujera kusa da babur ɗin wai ko usta zai zo yau, wannan ne ya fi ci min rai. Da ya zo na gaya masa a gaban Baba cikin ladabi, nace Baba Usta ka bar tsoho yana jira, bai kawo wani dogon uzuri ba, yace na yi kuskure ɗana, Alhaji ka yafe ni. Duk da haka wanda zai kai masa aiki ya sani, a watan Mayu da Yuni alƙawarin ranarsa ba abun riƙewa ba ne, ka kai masa da rani bayan an gama girbin dawa.

Zuwa na biyu shi ne ainihin aikin. Ya zo da tukunyar gas da bakin wuta. Kafin ya kunna sai da ya sa aka tsiyaye duk abun da ya rage a tanki da kafireto, aka sauke lagireto don kada zafi ya narka dalmar jikinsa, aka goge haɗin man nan tas aka bar wurin ya sha iska don asiton wuta yake kamawa nan take, aka ajiye bokitin yashi a gefe, aka kori yara. Sannan ya ɗauki zarto mai laushi ya goge inda wancan makaniken ya baje da guduma, yace ko tsatsa ta saki wannan kumburin ba zai bar ta ta wuce ba. Ya fitar da ƙusar da ke ƙarshen sandar ta ciki, ita ma sai da ta sha wuta kaɗan.

Yadda yake gasa ƙarfen abun kallo ne. Ba ya ɗora wutar a kan sandar, ƙarfen da ke kewaye da ita yake bi, yana zagayawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, don so yake ramin ya buɗe sandar kuma ta zauna yadda take. Bai bari ya yi ja ba. Yana ɗiga yawu a yatsa yana yarfawa, da ya ga ya yi tsalle ya bushe nan take sai ya janye wutar. Ƙanena ya ɗauko buta zai watsa ruwa wai ya taimaka, usta ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, yace zahar mai zafi in ya ji ruwan sanyi tsagewa yake. Maimakon ruwa sai ya fito da kyandir daga aljihu ya dangwala a bakin ramin, kakin ya narke muna kallo yana shigewa ciki kamar ana zuƙarsa. Ya bari ya huce da kansa, muka sha shayi, ya sake gasawa. Sau uku aka yi haka daga hantsi har bayan azahar.

A na ukun ne ya kama hannun da hannuwansa biyu, babu bututu babu komai, ya ɗan girgiza dama da hagu yayin da yaronsa ke ƙwanƙwasa tagulla daga ciki. Da farko ni ban ga komai ba, shi ne yace ta amsa. Ya ja layi da alli a kan sanda da bakin rami, bayan ɗan lokaci muka ga layin ya rabu kamar kaurin zare. Daga nan fa haƙuri ne kawai, ya juya kaɗan ya mayar, ya zuba mai, ya juya ya mayar, wani jan ruwa mai kauri kamar kunun kanwa yana fitowa yana goge shi da tsumma, kowane zuwa tana ƙara nisa, yatsa ɗaya, yatsa biyu, kwata, rabi, har ta zagaya gaba ɗaya tana kuka. Ni da na ga haka na ƙosa a fizge ta, shi kuwa ko a jikinsa, sai da ya ƙara kusan rabin awa yana juyawa yana ja a hankali kafin ta zare ta fito a hannunsa dab da la'asar. Gwaggo da ke leƙe ta katanga ta rangaɗa guɗa. Sifirin ɗin ya fito gutsure uku, tsatsa ta cinye shi.

Sandar ya tafi da ita warsha, na bi shi washegari, a nan na ga wurin da kyau. Gaskiya a matse yake, ƙasa duk baƙin mai, babu wurin zama sai wani tsohon angarib, wato gadon igiya, da igiyarsa ta saki, in rana ta take babu inuwar kirki. Ba shi da injin sassaƙa ƙarfe nasa, makarata, na maƙwabcinsa yake aro, kuma wuta na ɗaukewa, aikin awa biyu sai da ya ci mana yini biyu. Amma hannunsa tsaf yake. Ya gasa inda ya lanƙwashe ya miƙar da shi a hankali yana mirgina sandar a kan faranti na ƙarfe yana duba inda haske ke ratsawa, ya goge ta da samfefa mai kaushi sannan mai laushi har ta yi sheƙi, ramukan da tsatsa ta ci bai cike su da walda ba yace ba su kai zurfin da za su raunana ta ba kuma nan giris zai riƙa kwanciya. Ya yanko sabuwar ƙusa. Nan ma yace wani abu da ya zauna min, wai kada a sa ƙarfe mai taurin gaske a wurin, gara ƙusa ta karye a canza ta da a ce haƙoran bakin inji ne suka karye. Ramin kuma da muka koma gida ya naɗa samfefa a jikin sanda ya wanke shi da kananzir har tsumma ya fito fari.

Sifirin da ya fara sa mana daga tarkacen wani inji ya ciro shi kuma ya yi tauri da yawa, sai ka jingina da ƙirji kafin manfala ta shiga, wannan kuwa hatsari ne. Da na yi magana ya gwada da kansa ya yarda, ya tafi da shi ya kawo mai laushi bayan kwana biyu bai ƙara min ko sisi ba. Da ma ya gwada tun farko da an rage min zirga-zirga, amma dai ya gyara.

Bai bar mu mun taɓa manfalar ba sai da ya tara mu ni da ƙannena ya koya mana kamu. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana wuyan hannunsa na dama a ɗan karkace, yace tun yana yaron warsha manfala ta buge shi. Abun da ke jawo haka, in wuta ta tashi a silinda kafin fistan ya gama hawa sai inji ya juya baya, hannun ƙarfen ya dawo maka da ƙarfin da ƙashi ba ya ɗauka. Don haka giya a furi, a duba sau biyu don mutum a gaban tayoyi yake tsaye, a jinkirta wutar magnito, babban yatsa kada ya zagaye hannun, ya kwanta gefe ɗaya da sauran yatsu, kuma daga ƙasa ake jawowa sama kwata-kwata, ba a dannawa ƙasa ba a kuma wulwulawa, ta yadda in ta buga za ta fizge daga tafin hannu ne ta tafi. Kai da gwiwa su kauce daga hanyarta. Ya sa kowannenmu ya yi sau biyar fulogi a cire, wanda ya naɗe yatsa ya buge masa hannu. Wannan karatun ba mu biya shi ba kuma ba mu roƙa ba.

Tayarwar kanta ta ɗauki wani yinin, don sai da aka zubar da tsohon baƙin mai aka zuba sabo, aka wanke kafireto, ya goge fulatin ɗin magnito ya riƙe fulogi a jikin inji muka ga shuɗiyar wuta ta yi tsalle. Ya zuba fetur a ƙaramin tanki, ya ja cok, ya yi bismilla. Ja na farko shiru, na biyu shiru, kana jin magnito na yin ƙas a kowane ja, na huɗu ya yi tari ya fesar da farin hayaƙi, na shida ya kama, manfalar ta tunkuɗo waje da kanta ta rataye kamar yadda ya faɗa. Hayaƙin man da aka zuba a silinda ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, maƙwabta suka shigo. Baba ya miƙe ba tare da sanda ba ya je ya dafa murfin injin, bakinsa na motsi hawaye na zuba, sai can ya juyo yace da usta, Malam ƙarar nan ce, ita ce dai, Allah ya yi maka albarka ya mayar maka da abun da ka rasa. Ni ma ban iya tsayawa a wurin ba.

Maganar kuɗi, ba ya faɗin farashi tun farko, in ka tambaya sai yace bari mu ga abun da Allah zai yi, ni kuma na fi son in san inda na dosa musamman a wannan zamanin da farashi ke canzawa kowane mako, don haka ka matsa masa ya ba ka ko da ƙiyasi ne, kuma babu rasit, kai za ka rubuta abunka. Amma da ya faɗa a ƙarshe, zuwa huɗu da wuta da aikin warsha duka bai kai kuɗin buhun dawa biyu ba a farashin lokacin, kuɗin mota da mai ni na ɗauka daban. Na tura masa ta Bankak, manhajar banki ta waya, na ƙara masa wani abu a kai, Baba kuma ya sa aka kai masa riɗi bana.

In tsohon inji gare ka, babur ne ko injin ban ruwa irin mai manfala, wanda kayansa ba sa samuwa kuma in abu ya karye shikenan, ni dai shi zan ce ka nema, kuma ka kai masa kafin wani ya sa guduma. In kuwa sauri kake, gobe kake son shiga gona, ba wurin zuwan ka ba ne, za ku ɓata. Babur ɗin Kaka yanzu duk Juma'a bayan la'asar muke tayar da shi ya yi minti 15, in ɗiga mai a bakin ramin manfala in rufe da tsumma, mun kuma yi masa sabuwar rumfa ta kwano. Lagireto na ɗan yoyo ta ƙasa kuma tayar baya ta hagu ta tsattsage ba za ta ɗauki hanya ba, usta yace in an gama girbin dawa in kawo masa lagireton warsha, taya kuma yana tambaya mana a wajen masu kurda.